Famfon da Aka Ce Surukina Ya Kashe

Ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka zo gidanmu, ina tsakar gida ina tankaɗe. Maigidana ne ya kira su, don ɗakin ƙarafan mahaifinsa ya fara zuba, kuma ana son wurin a yi wa babban ɗanmu ɗaki. Ba ni da ta cewa a kayan gado. Ina jin suna fiddo da kayan suna jefawa cikin mota, ƙarfe na faɗa wa ƙarfe, abubuwan da mai su bai taɓa yarda ɗaya ya hau kan ɗaya ba. Sai na ji ɗaya daga cikin masu lodin, mutumin garin nan ne, yana ce wa abokin aikinsa, "Kayan tsohon nan ne da ya kashe famfo." Ba da mugunta ya faɗa ba, ya faɗa ne kamar yadda ake kwatancen gida. Na aje rariya na shiga ɗaki, na daɗe zaune a bakin gado. Bayan duk abin da mutumin nan ya yi a duniya, abin da ya rage na sunansa a bakin mutane ke nan. Kuma ba shi ya kashe famfon ba. Na sani, don ina wurin. Shi ya sa na ɗauko kaye, littafin rubutun da ya rage mini tun na yaƙi da jahilci, na ce bari in gwada, ko hannuna zai iya abin da bakina ya kasa.

Ba zan rubuta sunansa ba. Surukina ne, uban mijina, ban taɓa faɗin sunan ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Mutane na ce masa Injiniya, mu a gida muna cewa Baba. Daga wajen Tajaye aka kawo ni gidansa, lokacin suna zaune Malbaza, yana aiki a izin, wato kamfanin siminti. Ni da ban saba jin komi da safe ba sai zakara da taɓarya da kukan jaki, sai ga ni a garin da ƙarar inji ba ta yankewa, manyan motoci na wucewa da buhuna har ƙasa na motsi a ƙarƙashin turmi. Da ya dawo masallaci sai ya kunna rediyo, ya rataye ƙaramin madubi a jikin itacen bedi, ya aske gemunsa da kansa, ya sa tufafin aiki masu ruwan bula. Da yamma in ya dawo, ƙanshin man inji ne ke fara shigowa gida kafin sallamarsa. Yanzu yara na da waya a hannu, ba su san wa ya shigo ba, ba su san wa ya fita ba. Mu a lokacin da kunne muke sanin gida. Na san tafiyar kowa, na san tarin kowa, na san lokacin da Baba ya aje akwatin kayan aikinsa, don sai ya tura shi da ƙafa sau biyu ya daidaita da bango.

Abubuwa da yawa na gani a gidan nan da ban taɓa gani a gidanmu ba. Kwano ɗaya yake ci da Inna, uwar mijina, suna hira suna dariya, wani lokaci har ta buge masa hannu in ya kai wajen nama. Yana yi wa ƙananan ƴaƴansa wanka ranar da ba aiki. Yana ɗora ɗiyarsa a wuya ya zaga da ita kasuwa, mutane na kallo. In rijiyar unguwa ta cika da mata, yakan ɗauki igiya ya ja wa Inna guga biyu uku, maza na cewa zaman turai ya ɓata shi, shi kuwa ko a jikinsa. Har ya koma ga Allah bai ƙara aure ba, ko bayan rasuwar Inna, ya ce ya riga ya saba da miyar mutum ɗaya. Ni da farko abin tsoro ya ba ni. Ina ganin kamar gidan ba shi da shinge, kamar wata rana za a ce in zo in zauna a tabarma ɗaya da shi.

Ba a taɓa cewa ba. Duk yawonsa, ya bar mini kunyata yadda aka rene ni da ita. Gwaggona ta ja mini kunne daren da za a kai ni, ta ce uban miji ba a kallon fuskarsa, ba a amsa masa da murya sama, ba a miƙa masa abu hannu da hannu, kuma ko gobara ake yi kada ya ga kaina ba kallabi. Haka na riƙe. In na hango shi a hanya sai in ratse in durƙusa har ya wuce. In zan kai masa ruwa sai in aje a bakin ƙofa in ja baya. Maganarmu ta bakin Inna take bi. Da Inna ta rasu, sai ya koma yi wa iska magana. Zai zauna a inuwa ya ce, "Da za a samu kunu mai ɗan tsami, da an kyauta." Ni kuma in ce wa tukunya, "Ga shi nan ya kusa." Shekara ashirin da wani abu muna zaune gida ɗaya a haka, kuma ban taɓa jin an rage ni da komi ba. Matan yanzu na zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon talabijin. Ba na cewa sun yi laifi. Ni dai ba haka aka gina ni ba.

Tarihinsa ta bayan zana na ji shi, guntu guntu, ina daka ko ina tsintar shinkafa. Da ya aje aiki muka koma ƙauyensu ta wajen Dogarawa, inda yake da aboki tun na ƙuruciya, maƙerin garin. Kullum bayan la'asar maƙeri zai zo zaure, su zauna suna tsokanar juna kamar yara. A nan na ji an ɗauki Baba soja tun zamanin Nasara, yana saurayi, daga gona. Na ji labarin jirgin ruwa daga Dakar, kwana da kwanaki ba a ganin ƙasa, da sanyin Faransa da ke maida ruwan bokiti dutse. An sa shi cikin waɗanda ke gina hanya da gada a gaban mayaƙa, can cikin duwatsun Aljeriya. In maƙeri ya ce, "Soja, mutum nawa ka harbe?" sai Baba ya ce, "Ni gada na gina." Sau ɗaya kawai na ji ya ƙara da cewa akwai wadda suka gina kwana uku, aka fasa ta rana ta huɗu da mutane a kai, kuma ya san sunayensu. Daga soja ya tsaya ya koyi inji har aka ba shi takarda. Ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya yi a jirgin ƙasa na Kwatano, ya yi arewa inda ake haƙar ma'adinai, kafin Malbaza.

"Duk yawon nan," in ji maƙeri, "ka dawo nan dai kana cin tuwona."

"Kai da ba ka taɓa wuce Ƙwanni ba, mi ka sani?"

"Na san hanyar gidanmu. Kai sai da ka yi shekara arba'in kana neman ta."

A ƙauye bai zauna ba. Duk abin da ya mutu a garin nan da ƙauyukan kewaye, ƙofarmu ake kawo shi: rediyo, keken ɗinki, injin niƙa, babur, har agogon liman. Zai shimfiɗa buhu, ya kwance abu, ya jera kowace ƙusa bi da bi yadda ya fiddo ta. Yakan ce wa masu kallo, "In ka jera daidai, abin da kansa zai gaya maka yadda zai koma." Mutane na alfahari da cewa ba a taɓa kai wa Injiniya abu ya ƙara lalacewa a hannunsa ba. Shi ma ya san ana faɗa, kuma yana jin daɗin abin, ko da bai nuna ba. Wata rana ya jefar da wata tsohuwar cocila ya ce ta gama. Na ɗauka na kai ɗaki, na kwance ta a kan faifai, na jera yadda na ga yana yi, na kankare tsatsa da wuƙa, ta kama. Ban gaya wa kowa ba, amma ya ga haskenta. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata, maigidana ya so ya hana ni, sai na ji Baba ta bayan zana yana ce masa, "Ka bar ta ta tafi. Wadda ta tada fitilar da na ce ta mutu ba ta rasa gane baƙi." Wannan rubutun da nake yi, shi ya buɗe mini ƙofarsa.

Famfon kuwa mutanen furoje ne, masu aikin raya karkara, suka haƙa mana shi, irin na hannu. Wanda bai ja ruwa a rijiyar fadama ba, ba zai gane abin da famfon nan ya zame mana ba. Kafin shi, tafiya ce mai nisa da tulu a ka, igiya na cin tafin hannu, a dawo rana ta take. Da ya zo, sai ƙarar mariƙinsa ta zama agogon gari, ƙyaƙ ƙyaƙ tun asuba, mata na layi da bokitai da jarkoki, ana hira, ana faɗa, ana shiryawa. A nan ake jin wa ta haihu, wa ya aiko daga Legas. Baba ne mai kula da shi. Duk wata yana zuwa ya sa masa mai, ya kanga kunne a jikinsa ya saurara kamar likita. Ko da idonsa ya fara hazo, har ya zama ba ya gane mutum sai ya yi magana, hannunsa bai manta komi ba.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi gardama, maza duk suka watse cin rani, har da maigidana da ƙannensa. Gari ya rage mata da yara da tsofaffi. Cikin tsakiyar bazara famfo ya daina kawo ruwa. Baba ya je ya saurara ya ce robar ƙasa ce ta cinye, kuma yana da sabuwa a ɗakinsa. Sai dai robar tana can ƙarshen bututun ƙarfe da aka ɗaura ɗaya bisa ɗaya har inda ruwa yake, sai an fiddo su duka, gaɓa gaɓa. Mutum biyu na ɗagawa, a kama na ƙasa a bakin ramin da wani ƙarfe mai baki kamar awartaki, a kwance na sama a aje, a sake ɗagawa. Ƙusar da ke kulle ƙarfen riƙon ta daɗe da cinyewa, saboda haka sai mutum na uku ya durƙusa ya matse hannuwansa biyu da ƙarfi har a gama kwancewa. A da maigidana ne ke riƙewa. Ranar nan ba kowa sai Baba da maƙeri, da mu mata da muka kewaye su da bokitai.

Baba ya juya fuskarsa wajenmu, ba ya ganin kowa sosai, ya ce, "Ɗiyata tana nan?"

Ƙanwar maigidana, wadda ke aure a garin, ta ce, "Ga ni, Baba."

"Ba ke ba, ke hannunki na magana ne. Matar yayanki nake nufi."

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tunda nake bai taɓa kira na kai tsaye ba, sai yau, gaban mutane. Ƙanwar mijina ta tura ni da kafaɗa tana cewa, "Tashi, matarmu, yau an yi miki girma. In kin gama sai mu kawo miki rediyonmu." Na je na durƙusa, kaina a ƙasa. Bai taɓa ni ba. Ya lalubi ƙarfen ya nuna da yatsa ya ce, "Nan da nan. Hannu biyu. Ko mi ya faru kada a saki sai na ce." Na riƙe. Gaɓa ta fari ta fito, ta biyu ta fito, ta uku. Na fara jin daɗin abin a raina, ina jin nauyin bututun na zama cikin ƙarfen, ina gane lokacin da za su ce a sassauta tun kafin su faɗa. Maƙeri na haki yana cewa, "Soja, wanga aiki na samari ne." Baba na cewa, "To ina ka kai taka samartakar?"

Suna cikin kwance ta huɗu sai ƴar guguwa ta taso daga wajen gonaki ta bi ta kanmu. Na ji kallabina ya zame baya, iska ta taɓa gashina. Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna na dama ya tashi da kansa ya dafe kaina, kamar yadda ya saba tun ina amarya. Mutumin da nake ɓoye wa kan nan ko fuskata ba ya iya gani. Ƙarfen ya buɗe baki, bututu ya zame, Baba ya kai hannu ya cafke shi, ya yage masa tafi ya wuce. Muka ji shi yana tafiya cikin ramin yana bugun gefe, ya daɗe yana tafiya, sannan can ƙasa ya yi wata ƙara da har yau nake ji a cikin cikina.

Mata sun rufe ido saboda guguwar, maƙeri na kallon gaɓar da ke hannunsa, ni kuma na ba jama'a baya. Kafin kowa ya buɗe baki Baba ya ɗaga hannunsa, jini na bin gwiwar hannun, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Hannuna ne ya kuɓuce. Na ce a sassauta ban kama ba. Tsufa ne." Bai ce a sassauta ba. Kowa ya yi kansa, ana neman tsumma, ana salati. Ni na miƙe na ja baya na shige cikin mata, kallabina ɗaure daram.

Kwana uku shi da maƙeri suna zura ƙugiya da igiya, ba su kamo komi ba. Aka aika buro, ofishin masu furoje, aka ce a jira. Muka koma rijiyar fadama cikin zafin nan, da tulu da jarka, mai ciki da mai goyo da tsohuwa. A hanyar nan na ji abin da ban so ji ba. Wai ya san ba ya gani, mi ya kai shi. Wai girman kai ne na waɗanda suka zauna da Nasara, ba su yarda sun tsufa. Wata rana wata mata ta aje tulunta ta rufe ido tana lalube a iska tana kwaikwayonsa, mata suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Na rufe baki da gefen zane, amma na yi, don kada a ga ban yi ba a tambaye ni dalili. Ƙanwar mijina ce ta jefar da guga ta yi kan matar tana kuka tana cewa ubanta ya ba su ruwa shekara da shekaru ba wanda ya ce masa sannu. Ni na riƙe ta ina cewa ta yi haƙuri. Da hannun nan na riƙe ta, kuma a ranar ban saki ba.

Sannu a hankali aka daina kawo gyara ƙofarmu. Mai injin niƙa ya ɗora injinsa a amalanke ya wuce ta gaban zaurenmu ya kai Dogarawa. Maigari ya zo da kansa, cikin ladabi, ya ce Injiniya ya huta haka nan, ya yi wa gari abin da zai yi. Baba ya yi godiya, ya raka shi ƙofa, ya dawo ya sa wa ɗakin ƙarafa kwaɗo. Maƙeri kaɗai bai daina zuwa ba, kuma shi a ganinsa tsokana ce maganin abin. Zai miƙa masa goro ya ce, "Riƙe da hannu biyu, Soja, kada ya faɗa rijiya." Baba ya yi dariya. Ina bayan zana ina jin dariyar, na san ba irin ta da ba ce. Maigidana ya dawo da damina, aka ba shi labari yadda gari ya sani, ya girgiza kai ya ce tsoho ba ya jin magana. Na zuba masa tuwo.

Bayan an gama girbi jikin Baba ya fara ƙi. Wata rana bayan la'asar na kai masa kunu, gida ba kowa. Na aje a bakin ƙofa yadda na saba, amma ƙafata ta ƙi ja baya. Na durƙusa a nan, na kalli ƙasa, na yi abin da ban taɓa yi ba.

"Baba."

Ya ce, "Na'am, ɗiyata."

"Ranar famfo, ni na saki."

"Na sani. Na ji lokacin da nauyin ya bar wajenki. Kallabi ne?"

Na ce, "I."

Ya yi ƴar dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Na ji iskar a wuyana, na ce yau kam. Laifina ne rabi. Na san yadda aka rene ki, na sa ki durƙusa gabana cikin mutane."

"Mi ya sa Baba ya ce shi ne?"

"Ke kina da sauran shekaru na ɗibar ruwa da matan nan. Ni kwana nawa ya rage?"

Hawaye na zuba mini, na ce zan faɗa, zan je in gaya wa maigari. A raina ina jiran ya ce in bari. Na tabbata zai ce in bari, shi ya sa ma na iya faɗa. Bai ce ba.

"Ban sa ki ba, ban hana ki ba," in ji shi. "Gari bai dame ni ba ƙwarai, gari na mantuwa. Abu ɗaya ne ke tsaya mini a nan." Na ji ya bugi ƙirjinsa. "Maƙeri ya yarda. Tun muna kiwon awaki ya san hannuna, kuma da na ce ya kuɓuce bai ko yi gardama ba."

Ya lalubo kwanon kunun ya sha, ya ce ya yi tsami daidai. Daga nan bai sake tada maganar ba, muka koma yadda muke, shi da iska, ni da tukunya.

Maƙera ba ta da nisa da gidanmu, ana jin masaba daga madafina. Kullum in na ji ta sai in ce gobe. Ran nan in ce akwai mutane a wurin, ran nan in ce ba ni da dalilin zuwa, mace ba ta tsayawa maƙera haka kawai. Sau biyu na fita da niyya, na kai bakin hanya na juya wajen mai kuka da daddawa. Maƙeri kuwa na zuwa kullum, yanzu har cikin ɗaki, yana zama gefen gadon abokinsa da tsokanarsa ta hannu biyu. Ina kawo musu ruwa in aje in fita. Magana ce ta numfashi ɗaya, ga su nan su biyu wuri ɗaya, kuma na san Baba na jin tafiyata, ya san na shigo, ya san na fita. Haka muka yi wajen wata biyu. Ya rasu wata safiya bayan ya yi salla a zaune. Mutane sun zo daga Malbaza da Ƙwanni da Illela, har da wasu tsofaffi biyu da lambobin soja a ƙirji, ɗaya ana riƙe da shi. An faɗi alherinsa da yawa. A cikin mata kuma na ji wata na cewa a hankali, "Allah ya jiƙan shi, da dai ya bar famfon nan." Na ce amin tare da kowa.

Sai bayan sadakar arba'in na tafi. Na ɗauki wata wuƙa da ƙotarta ta fita don in samu abin riƙewa. Da hantsi ne, maƙeri shi kaɗai, yana zuga wuta da hannu ɗaya, ya rame ƙwarai. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, ya yi mini. Ya miƙo hannu ya karɓi wuƙar yana juya ta.

"Baba maƙeri, ba wuƙa ta kawo ni ba."

Na gaya masa duka, da guguwar, da kallabin, da abin da Baba ya faɗa mini a bakin ƙofa. Ban rage ba. Ya bar zuga-zugin, wutar ta fara kwantawa.

"Yaushe ya gaya miki haka?"

"Bayan girbi."

"Bayan girbi," ya maimaita. Ya ƙirga da yatsa a kan gwiwarsa, ya bari. "Har ranar da ya kwana bai tashi ba sai da na ce mishi ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya yi mini dariya."

Na ce ya yafe mini. Ya ɗauki wuƙar ya maida mata ƙota, ya buga sau uku, ya gwada ta a farce, ya aje a ƙasa ya turo mini ita da bakin awartaki.

"Wanda zai yafe ya riga ya yafe, ni mi nawa a ciki. Tashi ki tafi gida, ɗiya."

Na miƙe. Na kai bakin rumfa na tsaya, na tambaye shi ko zai gaya wa mutane. Har a lokacin, Allah ya sani, so nake wani ya ɗauke mini. Bai ɗago ba. Ya kama zuga-zugin ya ci gaba da hura wutarsa.

"Ni ba ni gaya ma kowa," ya ce. "Ba ni na saki ba."